Ƙwai a Baka ko Kaza a Akurki: Cinikin 'Yan Wasa a Ƙwallon Ostireliya

Wanda ya saba da kasuwar 'yan ƙwallon Turai, inda mai kuɗi ke zube miliyoyi ya ɗauke wanda ya ga dama, sai ya ɗan nutsu kafin ya gane abin da ke faruwa a Ostireliya cikin watan Oktoba. Can ma kasuwa ce take ci, da dillalai da jita-jita da ranar rufewa, amma ba a sayen ɗan wasa da kuɗi. Ƙungiyar da ke son wani sai ta ba da nata ɗan wasan, ko ta ba da gurbinta na zaɓen matasa, wato damar ɗaukar yaron da bai taɓa buga wa kowa wasa a babbar gasa ba.

Wasan da ake magana a kansa shi ne ƙwallon ƙa'idar Ostireliya, wanda ake bugawa da hannu da ƙafa, mutum goma sha takwas a kowane ɓangare, a makeken filin kurket. Babbar gasarsa ita ce AFL, mai ƙungiyoyi 18, rabinsu a birnin Melbourne. Tun cikin shekarun 1980 hukumar gasar ta kafa ginshiƙai biyu don kada masu hali su cinye marasa hali. Na farko iyakar albashi: akwai adadin da ba a yarda ƙungiya ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta gaba ɗaya. Na biyu zaɓen matasa, wanda ya zauna daram tun 1986. A kowane Nuwamba ana jera samari 'yan shekara goma sha takwas daga ko'ina a ƙasar, ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi ta fara zaɓa, wadda ta ɗauki kofi ta zo daga baya, a yi ta zagaye. Gurbi na 1 yana hannun wanda ya fi kowa shan kashi. To wannan gurbin, da duk waɗanda ke biye da shi, su ne kuɗin kasuwar.

Daga nan tambayar ta taso, kuma duk shekara sai an yi ta: wanne ya fi, ka riƙe gurbinka ka raini yaro, ko ka bayar da shi ka karɓi gogagge wanda kowa ya san iyawarsa?

Masu ra'ayin a riƙe gurbi suna da labarin da ba sa gajiya da bayarwa. A 2001 Fremantle ta ƙare a ƙarshe, gurbi na 1 yana hannunta, ga magoya baya sun gaji da haƙuri. Sai ta miƙa wa Hawthorn gurabe na 1 da na 20 da na 36, ta karɓi Trent Croad da Luke McPharlin. Hawthorn ta ɗauki Luke Hodge da na 1, ta ɗauki Sam Mitchell da na 36. Mutanen nan biyu kowannensu ya ci kofi huɗu da Hawthorn, kowannensu kuma ya ɗaga kofin a matsayin kyaftin. Croad kuwa shekara biyu ya yi a Fremantle ya koma Hawthorn ɗin, har aka ci kofin 2008 da shi. Kada a zalunci Fremantle gaba ɗaya, don McPharlin ya zama mata ginshiƙin tsaron baya na sama da shekara goma. Amma da ta kai wasan ƙarshe karo na farko a 2013, Hawthorn ce ta doke ta, Hodge yana jagora.

Labarin Chris Judd ya fi wannan wuyar yanke hukunci, shi ya sa ya fi shi amfani. A ƙarshen 2007 Judd yana cikin biyu ko ukun da suka fi kowa a gasar. Ya riga ya ci lambar Brownlow ta gwarzon shekara a 2004, ya jagoranci West Coast ta ɗauki kofi a 2006, sai ya ce zai koma gida Melbourne. Carlton ta ba da gurbi na 3 da na 20, ta haɗa da wani matashin ɗan gaba mai suna Josh Kennedy. Judd bai ci amanar cinikin ba: ya sake cin Brownlow a 2010, ya fitar da Carlton daga ƙasan teburi ya kai ta wasannin fidda gwani. Sai dai har ya yi ritaya a 2015 ba su ko kusanci kofi ba. Kennedy, wanda a lokacin ake gani kamar gyara ne a kan ciniki, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin West Coast, aka kuma ci kofin 2018 da shi, tare da Chris Masten da aka ɗauka da gurbi na 3 ɗin. Wa ya ci riba? Idan a 2010 aka tambaya, Carlton. Idan a 2018, West Coast. Ciniki ɗaya ne, amsar ce ke canzawa da shekarar da aka yi tambayar, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata a riƙe.

Yanzu a juya. Idan tara gurabe na sama shi ne sirrin, da Carlton da ƙungiyar Melbourne sun mamaye gasar. Carlton ta yi zaɓe na 1 shekara uku a jere, 2005 da 2006 da 2007, ta sake yi a 2015 da 2018, kuma rabonta da kofi tun 1995. Melbourne ta ɗauki Jack Watts da na 1 a 2008, ta samu na 1 da na 2 a tare a 2009, ta ɗauki Tom Scully da Jack Trengove. Yaron da ya biyo bayansu a na 3, Dustin Martin, shi ya je Richmond ya zama gwarzon wasan ƙarshe har sau uku. Scully shekara biyu ya yi ya tafi. Aka kuma binciki Melbourne a kan zargin ta ƙi cin wasanni da gangan a 2009 don samun ƙarin gurbi. Ba a same ta da laifin hakan kai tsaye ba, amma a 2013 an ci ta tarar dala 500,000 ta Ostireliya. Ƙungiyar ba ta ga wasannin fidda gwani ba daga 2007 har sai 2018.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ɗan shekara goma sha takwas jikinsa bai gama ginuwa ba, wasan kuma na karo ne da gudu mai nisa. Dogayen 'yan wasa kan ɗauki shekara huɗu ko biyar kafin a san me za su zama. Wani rauni zai cinye shi, wani kewar gida, wani kuma kawai a makaranta ya fi tsaransa girman jiki, da ya shiga cikin manya sai abin ya ƙare. Sannan yaron da ya faɗa ƙungiyar da ba ta da manyan da zai koya a wurinsu, kullum ana lallasa su, abin da yake koya daban ne. Gurbi na 1 ba ɗan wasa ba ne tukuna, dama ce mai kyau ta samun ɗan wasa. Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma masu son musaya da wannan hujjar suke tafiya.

Babbar shaidarsu Geelong ce. Tun 2007 sau biyu kacal ta rasa wasannin fidda gwani, a 2015 da 2023, don haka kusan ba ta taɓa samun gurbi na sama ta hanyar faɗuwa ba. A ƙarshen 2015 ta karɓo Patrick Dangerfield daga Adelaide, ya ci Brownlow a shekararsa ta farko. A ƙarshen 2020 ta ba Greater Western Sydney gurabe uku na zagayen farko saboda Jeremy Cameron shi kaɗai. Masu sharhi suka yi ta cewa ta jinginar da gobenta, tsofaffi sun yi mata yawa. A 2022 ta shiga wasan ƙarshe da tawagar da a lokacin ta fi kowace tsufa a tarihin gasar, ta doke Sydney da tazarar maki 81. Gwarzon ranar, Isaac Smith, shi ma daga Hawthorn ya zo yana da shekara talatin da ɗoriya.

Amma ina Geelong ta samo guraben da ta biya Cameron? Wani kaso daga West Coast, wadda shekara guda kafin nan ta zuba mata gurabe masu tsada don ta karɓi Tim Kelly. Lissafin West Coast a 2019 bai yi kama da wauta ba: ta ci kofi a 2018, manyanta suna nan, a ƙara gwani ɗaya a tsakiya a sake ci. Kelly ya buga wasa mai kyau, har ya zama gwarzon ƙungiyar a 2023. Sai dai a wannan shekarar ƙungiyar ce ta ƙarshe a teburi. Manyan sun tsufa a lokaci guda, rauni ya bi su, kuma babu matasan da za su gaje su domin an bayar da guraben da za a ɗauko su. A 2025 wasa ɗaya ta ci a kakar gaba ɗaya. Richmond ma haka ta yi bayan kofunanta na 2017 da 2019 da 2020: a ƙarshen 2022 ta ba da gurabe ta kawo Tim Taranto da Jacob Hopper, kowanne da kwantiragin shekara bakwai, a 2024 ta ƙare a ƙarshe.

A ganina nan maganar take. Cinikin Cameron da cinikin Kelly iri ɗaya ne a siffa: ƙungiya mai ƙarfi ta biya da tsada don ɗan wasa ɗaya da ya kai ganiyarsa. Ba farashin ne ya raba su ba, kuma ba ingancin 'yan wasan ba. Geelong ta san daidai inda take, West Coast ta ɗauka tana da sauran shekara uku alhali ɗaya ce ta rage mata. Abin da ake musaya a Oktoba lokaci ne: ana karɓo ƙarfin yau a biya da ƙarfin shekara biyar masu zuwa. Ƙungiyar da saura mata mutum ɗaya ta kai ga kofi, tsadar ba ta dame ta ba. Wadda saura mata mutum shida, ko da rahusa aka ba ta asara ta yi.

Matsalar ita ce mutanen da ke yanke shawarar su ne suka fi kowa dalilin yin kuskure a wannan lissafi. Kocin da kwantiraginsa ke ƙarewa baɗi, me zai yi da yaron da sai bayan shekara biyar zai nuna? Wani kocin ne zai ci moriyarsa. Shugaban ƙungiya yana son labarin da zai sa mutane su sabunta katin zama mamba. Manyan 'yan wasa suna son a gaya musu ana nan ana neman kofi. Mai kula da jerin 'yan wasa ne kaɗai aikinsa ya ce a dakata, kuma shi ne muryarsa ta fi ƙanƙanta a ɗakin. A ɗaya gefen kuma akwai wata yaudarar: kalmar sake gini tana sayen wa shugabanni shekaru na uzuri, domin ba a tuhumar mutum a kan yaron da bai girma ba tukuna. Na fi zargin wannan ta biyun, don ita ce ke zuwa da kamannin hikima.

Hawthorn ta zamanin koci Alastair Clarkson ita ce ta nuna yadda abubuwan biyu ke bin juna. Ta fara da zaɓe. Bayan Hodge da Mitchell, a 2004 ta ɗauki Jarryd Roughead da na 2, Lance Franklin da na 5, Jordan Lewis da na 7. Da ƙashin bayan ya tsaya, sai ta koma kasuwa tana neman abin da ya rage, ɗaya bayan ɗaya: Shaun Burgoyne daga Port Adelaide da Josh Gibson daga North Melbourne a 2009, David Hale a 2010, Jack Gunston a 2011, Brian Lake a 2012. Lake ya zo yana da shekara talatin, ana ganin ya ƙare, ya yi kaka uku ya ci kofi uku. Kowane ɗaya a cikinsu rami aka gani aka nemo wanda zai cike shi. Ko tafiyar Franklin zuwa Sydney a ƙarshen 2013, a kan kwantiragin shekara tara na kimanin dala miliyan 10, ba ta hana su cin 2014 da 2015 ba. Abin mamaki, ita wannan Hawthorn ɗin ce daga baya ta kasa sanin lokacin tsayawa. Daga 2016 ta ci gaba da ba da gurabe tana kawo su Tom Mitchell da Jaeger O'Meara da Chad Wingard, tana so ta tsallake wahalar sake gini. Mitchell ya ci Brownlow a 2018, amma daga 2019 zuwa 2023 ba ta shiga wasannin fidda gwani ba ko sau ɗaya.

Melbourne ɗin da ta sha kunya a baya ita ma da wannan tsarin ta warke. Christian Petracca da Clayton Oliver daga zaɓe suka zo, Max Gawn ma tun 2009 da gurbi na 34, wanda ba wanda ya kula da shi a shekarar su Scully. Sai ta biya da tsada ta kawo masu tsaron baya biyu, Jake Lever da Steven May, ta ci kofin 2021, na farko tun 1964.

Akwai wani abu da ke karkata ma'aunin wanda lissafi a takarda ba ya nunawa. A AFL ba a musayar ɗan wasa sai da yardarsa, saɓanin yawancin gasannin Amurka da aka kwaikwayo tsarin zaɓen daga gare su. Ɗan wasa kan fito ya ce ga ƙungiyar da yake so, ita kaɗai, sai ya bar tsohuwar ƙungiyarsa tana ciniki da mai saye guda. Tun 2012 kuma wanda ya yi shekara takwas a wuri ɗaya yana iya tafiya idan kwantiraginsa ya ƙare, hukuma ta biya ƙungiyarsa diyya da gurbi. Ƙasar kuma faɗi gare ta: daga Perth zuwa Brisbane tafiyar sama da awa huɗu ce a jirgin sama. Yaron da aka ɗauko daga Adelaide aka kai shi wani gari mai nisa, kewar gida na iya mayar da shi. Jason Horne-Francis, na 1 a 2021, kaka ɗaya ya yi a North Melbourne ya koma Port Adelaide. Brisbane ta rasa matasa biyar a lokaci guda a 2013, cikinsu har da Elliot Yeo da Sam Docherty. Gold Coast, wadda aka shigo da ita gasar a 2011 da tarin gurabe na sama, ta zama kamar makarantar horar wa wasu. A 2018 kyaftin ɗinta biyu, Tom Lynch da Steven May, suka tafi a lokaci guda, kuma sai a 2025 ta fara shiga wasannin fidda gwani. Saboda haka gurbi na 5 a hannun Collingwood da gurbi na 5 a hannun Gold Coast ba darajarsu ɗaya ba. Ɗaya tana ɗaukar ɗan wasan da zai yi mata shekara goma sha biyu, ɗaya tana iya zama ta ɗauki wanda zai yi mata shekara uku.

Brisbane ta nuna ana iya juya wannan. Da Chris Fagan ya karɓi ƙungiyar a kakar 2017, an fara da sa matasan su so zama. Aka kawo Hodge a ƙarshen rayuwar wasansa don ya koya musu, aka kawo Charlie Cameron, sannan Lachie Neale daga Fremantle a 2018, wanda ya ci Brownlow sau biyu a Brisbane. Garin da ake gudu ya zama garin da ake nema, kofi ya zo a 2024 da 2025. Sai dai a faɗi gaskiya, ta kuma ci gajiyar wata ƙofa ta gefe. Dokar uba da ɗa ta ba ƙungiya fifiko a kan ɗan wanda ya buga mata wasa 100, ƙungiyoyin arewa kuma suna da fifiko a kan yaran makarantun horonsu. Ta haka Will Ashcroft, gwarzon wasan ƙarshe a shekarun biyu, ya zo Brisbane a 2022 tana cikin manya, kamar yadda Nick Daicos ya zo Collingwood. Tun 2015 ana biyan irin waɗannan yara da maki: kowane gurbi yana da ƙimarsa, na 1 maki 3000, sauran suna raguwa. Ƙungiyoyi suka gano suna iya tara ƙananan gurabe da yawa su biya babban yaro, kamar dai ana ba su rangwame sau biyu, har hukuma ta sake tsarin makin daga 2025.

Wannan shekarar ta 2015 ce kuma aka fara yarda a yi musayar guraben shekara mai zuwa, abin da ya mayar da cinikin caca a kan makomar wani. Idan ka karɓi gurbin zagayen farko na baɗi daga wata ƙungiya, kana fatan ta faɗi ne, domin faɗuwarta ce ke ɗaga darajar abin da ke hannunka. Iyakar albashi ma ta shigo ciki. A 2022 Gold Coast ta ba Geelong Jack Bowes, ta haɗa mata da gurbi na 7, a kan wani ƙaramin gurbi na gaba, don kawai ta sauke nauyin albashinsa. Wato Geelong, wadda ta ɗauki kofi makonni kaɗan kafin nan, ta samu gurbi a goman farko saboda tana da sarari a littafin albashi. Matashi ma ta wannan fuskar yana da wata riba da ba a cika ambata ba: albashinsa na farko ƙayyadadde ne kuma kaɗan, don haka yaron da ya yi fice da wuri yana ba ƙungiya damar biyan wani gwani da rarar.

Wani lokaci kuma duk wannan lissafin rana ɗaya ce ke warware shi. Western Bulldogs ta ba da kyaftin ɗinta Ryan Griffen da gurbi na 6 a 2014, ta karɓi Tom Boyd da kwantiragin shekara bakwai mai tsadar gaske, yana da kaka ɗaya tak a gasar. Boyd ya yi ritaya a 2019 yana da shekara ashirin da uku. A ma'aunin yawan wasanni, asara ce. Amma a wasan ƙarshe na 2016 ya buga wasan rayuwarsa, Bulldogs ta ci kofinta na farko tun 1954, kuma da wuya a sami mai goyon bayanta da zai ce a mayar da cinikin.

Gwaji biyu ne yanzu a gaban masu bin wannan muhawara. Richmond, bayan faɗuwar 2024, ta saki Shai Bolton da Liam Baker da Daniel Rioli, ta shiga zaɓen shekarar ta ɗauki yara shida a zagayen farko, Sam Lalor a gaba. Ta zaɓi dogon haƙuri ƙarara, kuma ba za a san sakamakon ba sai wajen ƙarshen shekarun 2020. Ɗayan kuma Tasmania ce, ƙungiya ta 19 da aka tsara za ta shigo a 2028. An ware mata gurabe da dama na sahun gaba, amma da sharaɗin ta yi musayar wasu daga ciki maimakon ta cika ɗaki da 'yan shekara goma sha takwas kamar yadda Gold Coast ta yi. Aikin da ke gabanta shi ne shawo kan gogaggun 'yan wasa su yarda su ƙaura zuwa tsibirin, tunda ba a musayar kowa sai ya ce to.